Cigiyar Alhaji Ɗangiwa

Nu'umanu ya je Sakkwato ya ɗan kwana biyu wajen wani abokinsa, ya dawo Tambuwal da tabarau marar magani, da jakar ratayawa wadda babu komai a cikinta sai caja, da kuma sabon suna. Ko takalmi bai cire ba ya tsaya a tsakar gida ya yi shela.

"Inno, daga yau a bar ce mini Nu'umanu. Darakta za a dinga ce mini."

Inno, mahaifiyarsa, tana tankaɗen gero. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Daraktan mi?"

"Na zane, Inno. Zanen zamani, na waya. Tambari, fosta, katin biki, allon shago, duk abin da ido ka gani ni ka tsara shi."

"Kai da ko kunya ba ka iya ja miƙe a gona? Bara sai da maƙwabcinmu yac ce ka shigo mai gona da garma."

"Wannan salo ne, Inno. Ba ku gane ba a lokacin."

Ilimin Darakta kaf daga waya ya fito. Akwai wani mutum da ke bayani a bidiyo kan yadda mai zane zai kafa sana'arsa ya yi suna, yana zuba Turanci kamar ana korarsa. Nu'umanu ya ji rabi, ya cike rabin da kansa. Wayar ma ta sha wuya, don ta taɓa faɗowa daga kan babur, gilashin ya tsage, wani baƙin tabo kamar an zubar da tawada ya zauna daram a tsakiyarta. Sama da ƙasa kaɗai ake gani. Nu'umanu ya ce gwani ba da ido yake zane ba, da ƙwaƙwalwa yake yi.

Ofishinsa bencin Na'iya mai shayi ne a bakin tasha. Nan yake zama ya harɗe ƙafa yana raba wa 'yan majalisa shawarwari, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

"Duk mai son shi zama mai zane, shi saurara. Ka fara yin suna, aiki shi biyo baya. Kada ka tambayi mai aiki abin da shika so, don bai sani ba, kai kas sani. Kuma kada ka cika rubutu. Hoto shi ka magana."

Na'iya ne ya fara shiga hannu. Darakta ya ce zai yi masa allo kyauta don duniya ta ga aikinsa. Ya zana tukunyar shayi mai dogon baki, ya rubuta a ƙasa, BISMILLAH, SHIGO. Sai dai tukunyar ta fito sak buta. Aka kafa allo da safe. Motar farko da ta tsaya daga Sakkwato, fasinjoji suka sauko suka nufo teburin Na'iya a guje, wani dattijo na gaba yana kwance tazuge.

"Malam, ina ƙofar take? Akwai mutum ciki?"

Kafin azahar Na'iya ya kori mutane sun fi a ƙirga, har da wanda ya zagaya bayan tebur bai jira izini ba. Ya tumɓuke allon ya zo ya tsaya a kan Nu'umanu yana huci.

"Ban-ɗaki kam mai da ni?"

"Tsakani da Allah, Na'iya, tun da kaf fara shayi ka taɓa tara jama'a haka? Wannan shi aka kira jan hankali. Saura kai ka san yadda za ka sayar musu da shayi."

"Mutumin da ciki ya murɗa zan sayar ma shayi?"

"In ya gama zai ji yunwa."

Na biyu Siddiƙ ne, wani tela da zai yi aure, ya kawo hotonsa a sa a katin gayyata. Darakta ya goge hoton, ya ƙara haske, ya sake ƙarawa, har Siddiƙ, wanda baƙi ne wuluk, ya koma kamar an wanke shi da toka. Wajen cire bayan hoton kuma yatsa ya zame, kunnen hagu ya tafi tare da bango. Da katin ya fito ango ya zo riƙe da shi.

"Ina kunnena?"

"Ga guda nan."

"Biyu gare ni!"

"Duk wanda yag ga guda ya san akwai ɗan'uwanshi. Ba a cika kaya cikin zane."

Dangin amarya da ke Dogon Daji sai da suka turo tsohuwa takanas ta zo ta ɗaga hular Siddiƙ ta duba, sannan aka ci gaba da shirin biki. Nu'umanu ya ce wannan ma nasara ce, tunda aikinsa ya kai har Dogon Daji.

Ana cikin haka zaɓen shugaban ƙungiyar 'yan hatsi ya matso. Alhaji Ɗangiwa, yayan Inno, ya tsaya takara. Mutum ne ƙato, mai tumbi, mai saurin fushi, ba a taɓa ganinsa ba farar babbar riga ba. Inno ta je ta yi ta roƙonsa ya ba ɗanta aiki, har ya gaji ya aika a kira shi.

"Kai Nu'umanu."

"Darakta, Kawu."

"Daraktan uwaka. Ka yi mini babban ƙyalle mai hotona, wanda za a rataya a ƙofar kasuwar hatsi. In ya yi kyau, shagon nan nawa na kusurwa da ke rufe, na ba ka ka zauna. In ka yanke mini kunne, ni da kai ne."

Shago! Nu'umanu ya fito yana ganin kansa a kujera mai juyawa. Bai kai bencin Na'iya ba sai ga Baffa Bube, wani Bafulatani daga rugar bayan gari, yana tafe yana share ido da gefen rawani. Farin bijiminsa ne ya tsinke igiya ya ɓace, an ce an ga ya yi wajen Kebbe. Yana da hotonsa a waya, wani ya ce masa akwai yaron da ke buga cigiya a takarda.

"Ka zo inda ya dace, Baffa. Faɗa mini halinshi."

Bube ya zayyana, Darakta ya rubuta: CIGIYA. YA ƁACE DAGA TAMBUWAL. ƘATO NE, SHINA DA CI, SHINA DA FAƊA, SHINA TUNKUYI. IN AN GAN SHI A LALLAƁE SHI DA DUSA, A ƊAURE SHI TAM, A KIRA WAGGA LAMBA. AKWAI TUKUICI.

Na'iya, da ke sauraro yana fifita wuta, ya ce, "Ba ka rubuta bijimi ba."

"In an sa hoton bijimi, mi za a yi da kalmar bijimi? Makafi ka karanta fosta?"

Aiki biyu a rana guda, Darakta ya ce ƙwararre ba ya wahala sau biyu. Ya yi tsari ɗaya mai gurbin hoto a tsakiya, ya kwafa shi gida biyu, ya zuba rubutun kowanne. Lokacin sa hotuna kuwa majalisa ta cika, yana tsakiyar bayani kan yadda ake zama babban mutum a sana'a, hannu ɗaya na nuni, ɗaya na latsa waya. Ya leƙa gefen baƙin tabon nan, ya ga fari a sama, fari a ƙasa, ya ce wannan rigar Kawu ce. Ya leƙa ɗayan, ya ga fari, ya ce wannan bijimi ne. Ya tura wa masu buga takarda a Sakkwato. Suka aiko masa da saƙo ya duba kafin su buga, ya karanta wa majalisa da ƙarfi yana dariya.

"Wai in duba! Ɗan koyo ka duba aiki sau biyu."

Kaya suka iso a motar haya, ƙunshi ƙarami da babban naɗi, duk a liƙe. Ƙaramin ya miƙa wa Ɗan'iya direban Kebbe, ya ce ya ba 'yan tasha su manna ko'ina kafin ranar kasuwa. Babban kuma ya sa aka rataya a ƙofar kasuwar hatsi a naɗe, aka ɗaure da igiya, ya ce ba mai buɗewa sai gaban jama'a, Alhaji da kansa zai ja igiyar ranar kasuwa bayan la'asar, in ya dawo daga Kebbe inda zai je neman goyon bayan 'yan hatsin can.

Ranar kasuwa da hantsi Bube yana zaune a bencin Na'iya, ya ƙi ko shan shayi, sai wayarsa ta yi ƙara. Nu'umanu ya fizge ta ya buɗe murya don kowa ya ji.

"Salamu alaikum. Dawuda ne, daga tashar Kebbe. Ku ad da cigiya?"

Bube ya miƙe tsaye. "Mu ne! Kun gan shi?"

"Ga shi nan mun kama shi. Wallahi kun yi gaskiya, shina da faɗa. Mutum fuɗu ya kayar kafin munka danne shi."

"Shi ne! Ya ci dusar?"

"Ya yi ƙwallo da kwanon."

"Haka shike in ya ga baƙi. Ku jiƙa ta da ruwa ku sa ɗan gishiri, ku tura mai a baki."

Daga can nesa ana jin wani irin ruri, Bube ya dafe ƙirji ya ce ko cikin dubu ya san muryar abinsa.

"Malam Dawuda, ku sa mai igiya a hanci, in ba haka ba tsinkewa zai yi."

"A hanci?"

"Akwai huji, ni na huda shi da hannuna."

Aka ji ana gardama, aka ji wani ya yi ƙara, sannan Dawuda ya dawo yana haki. "Mun duba, ba huji. Kuma ya ciji mai dubawa."

"To ya toshe. Ku bari in zo in sake hudawa."

Majalisa ta kaure da sowa. Na'iya kansa ya ce yau kam yaro ya yi abin kai. Nu'umanu ya hau kan benci ya gyara tabarau ya ce su shaida, fosta guda, hantsi guda, an gama. Aka ɗauki hayar a-kori-kura don ɗauko bijimi, Bube ya ɗauki igiya da basilla, Darakta ya shige gaba, don a cewarsa dole mai zane ya ɗauki hoton nasararsa ya nuna wa masu kawo aiki nan gaba. Tun daga Tambuwal har Kebbe bai rufe baki ba. Ya gaya wa direba irin fentin da zai yi wa shago, da ma'aikatan da zai ɗauka, da reshen da zai buɗe a Sanyinna.

A tashar Kebbe mutane sun yi da'ira ƙarƙashin wani itacen bedi, wato dogonyaro. Nu'umanu ya sauko yana ɗaga waya sama.

"Ku ba da hanya, mai zanen ne da kanshi!"

Aka dare. Ya kutsa yana murmushi, sai murmushin ya daskare. A gindin bedi, an naɗe shi da igiya tun daga ƙirji har gwiwa, ba hula, farar riga ta koma ruwan ƙasa, gemu duk jiƙaƙƙiyar dusa, Alhaji Ɗangiwa ne zaune yana numfashi kamar zuga-zugi. A jikin itacen, daidai saman kansa, ga fosta. Ga hotonsa yana murmushin takara, ga CIGIYA da jan rubutu.

Bube ya zagaya itacen ya leƙa baya. "Ina bijimin?"

"Wane bijimi?" in ji Dawuda, wani siriri mai kumburarren goshi. "Ga mutuminku nan. Yana saukowa mota munka gane shi. Mun bi shi da lalama, mun nuna mai dusa, sai yah hau zagi."

Wani ɗan hatsi ya matso yana girgiza kai. "Ni na san shi, tare muka ciniki. Da nig ga takardar sai da na yi hawaye. Mutum da dukiyarshi, dubi yadda lalura ta mai da shi. Tun ɗazu faɗi shikai wai shi za a zaɓa shugaba."

"Allah shi ba shi lafiya," in ji jama'a baki ɗaya.

Alhaji ya ɗago jajayen idanu, suka sauka a kan ɗan ƙanwarsa. Muryarsa ta dishe, amma ta fito.

"Nu'umanu."

"Na'am, Kawu."

"Matso."

"Ina jin ka daga nan, Kawu."

"Ku kwance ni!"

Dawuda ya dubi Nu'umanu. "A kwance shi?"

Nu'umanu ya dubi igiyar, ya dubi hannuwan Kawu, kowanne kamar taɓarya. "A ɗan dakata tukuna, har shi huce."

Sai da limamin tasha ya zo, aka karanta fostar a bainar jama'a, Bube ya nuna hoton bijiminsa ya rantse cewa wannan yake nema, ba wancan ba, sannan aka fara warware igiya. Dawuda ya ce shi dai a ba shi tukuicinsa, tunda abin da ke hoton shi ya kama. Bube ya ce shi bai yi alkawarin tukuici a kan Alhaji ba. Wanda aka ciza ya ce a duba masa yatsa. Kafin a kwance ƙulli na ƙarshe Nu'umanu ya riga ya haye kan rufin a-kori-kura ya kwanta rub da ciki.

Alhaji ya shiga gaba, ya leƙo ta taga ya ɗaga kai. "Sauko."

"Iska nika sha, Kawu."

"Za ka sha ta. Bari in gama da taron la'asar."

Mota ta kama hanya. Sun yi nisa, iska na kaɗa masa riga, sai wani tunani ya faɗo wa Darakta kamar dutse. In Kawu ya tafi gurbin bijimi, to wa ke gurbin Kawu? Ya fara dukan rufin mota.

"Direba! Mu bi ta Sanyinna! Mu bi ta ko'ina! Kawu, a ɗage taron nan, yau ba ta da sa'a!"

Ba wanda ya kula shi.

Sun tarar ƙofar kasuwar hatsi ta cika maƙil. 'Yan ƙungiya sun gaji da jira, makaɗa sun gaji da kiɗa, har wani ya ce tunda Alhaji ya makara a ja igiya kawai. Daidai lokacin da motar ke tsayawa ƙyallen ya warware tun daga sama har ƙasa. Farin bijimi ne, ƙato, ya cika ƙyallen, ƙaho ɗaya a karkace, harshe a cikin hanci. A samansa an rubuta, KU ZAƁI ALHAJI ƊANGIWA. A ƙasa kuma, MAI HAƘURI, MAI RIƘON AMANA, BA YA CIN HATSIN KOWA.

Maroƙi ya riga ya buɗe baki zai yi kirari, ya rufe. Sai wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ce, "Kai, Alhaji ya yi ƙiba." Kasuwa ta fashe. Masu awo suka kwanta kan buhuna suna riƙe ciki, abokin takarar Alhaji dariya ta sarƙe shi sai da aka ba shi ruwa. Bube kuwa ya diro daga bayan mota ya rungume ƙasan ƙyallen yana kuka yana kiran sunan bijiminsa.

Alhaji ya fito a hankali, dusa na zuba daga gemunsa. Ya dubi ƙyalle, ya dubi jama'a, ya karɓi muciyar wata mai tuwo ba tare da ya tambaya ba, ya fara zagaya mota. Nu'umanu na sama yana matsawa duk inda muciya ba ta kai.

"Kawu, ka tsaya ka ji! Ba a taɓa ɗan takarar da anka sani kamarka ba. Daga nan har Kebbe sunanka aka faɗi!"

"Sauko in ƙara maka suna."

"Kuskuren na masu bugawa ne!"

"Ƙarya shikai," in ji Na'iya daga cikin taro. "Sun ce shi duba, yac ce ɗan koyo ka dubawa."

Ana cikin wannan zagaye sai ga wani manomi ya faka babur, ya sauko da fartanya a kafaɗa, ya tsaya gaban ƙyallen ya ƙura masa ido. Ya juyo ransa a ɓace.

"Wa ad da wanga ɗan takara?"

Ya ƙara ɗaga murya.

"Na ce wa ad da shi? Daga Sanyinna nike. Kwana da kwanaki shina cikin gonata, ya cinye mini dawa ya tattake wake, ga shi can na ɗaure shi a turke. Kuma don rashin kunya ku rubuta wai ba ya cin hatsin kowa?"

Bube ya saki ƙyalle ya rungume manomin, manomin ya cakume Bube ya ce sai an biya shi ɓarna, jama'a suka koma kansu. Nu'umanu ya ga hankali ya rabu, ya miƙe tsaye a kan rufin mota, ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, ku yi adalci! Aiki biyu anka ba ni, duka sun ci. Fosta ta gano Kawu, ƙyalle ya gano bijimi. Duk mai son aiki irin wanga, gobe ina shagon kusurwa!"

Bai ga lokacin da Alhaji ya taka tayar mota ba. Muciya ta same shi a inda ake zama, ya yi sama, ya sauko cikin buhun barkono da ke buɗe. Ya tashi yana atishawa, ya ratsa kasuwa da gudu, Alhaji na biye, makaɗa suka ga abin ya yi daidai da kiɗa suka ɗora ganga.

Da aka yi zaɓe Alhaji ya sha ƙasa, don yawancin 'yan ƙungiya sun ce su, na kan ƙyallen suka zo zaɓa, tunda bai halarta ba sun fasa. Shagon kusurwa kuwa aka ba manomin Sanyinna ya zuba albasa, a madadin dawarsa, tunda sunan Alhaji ne a kan hoton mai ɓarnar. Nu'umanu ya yi mako yana kwana rub da ciki. Ran da ya fara iya zama, ya lallaɓa bencin Na'iya, ya sa gefe ɗaya na mazauni a hankali, ya dubi 'yan majalisa.

"Duk mai son shi zama mai zane, shi riƙe wagga shawara," in ji shi. "Kada ka yarda ka yi ma dangi aiki. Ba su san darajar gwani ba."